Darar Yaran Birni

Kowa ya san dara. Mutum biyu sukan zauna a gindin itace, su haƙa gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12. To, yaran birni ma suna da tasu darar, amma a cikin talabijin take.

In ka haye gadar Kogin Kaduna ka yi kudu, za ka iske Kakuri da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha. A unguwannin nan akwai ƙananan shaguna da ake kira gidan gem. A ciki za ka ga benci, da talabijin, da wani ɗan akwati mai suna PlayStation. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara yin sa, a shekarar 1994.

Kowane yaro yana riƙe da abin dannawa a hannunsa. In ya danna, sai mutumin da ke cikin talabijin ya motsa.

Wasan da ya fi dacewa da abokai biyu shi ne ƙwallon ƙafa. Akwai mai suna FIFA. An sake masa suna a 2023, amma har yanzu FIFA yara ke ce masa. Kowa ya zaɓi ƙungiyarsa, sai a kara. Ba ya daɗewa, kamar minti 10 ne. Kuma ba tilas ne su yi gāba ba. Wa da ƙane suna iya haɗa kai a ƙungiya ɗaya, su kara da akwatin. A ganina wannan ya fi daɗi, don babu mai tashi da fushi.

Akwai kuma wasannin faɗa, irin su Mortal Kombat. Jini ya yi yawa a cikinsa. Ba na ƙananan yara ba ne.

Amma fa ga inda darar birni ta bambanta da tamu. Tamu kyauta ce, tasu kuwa sai an biya. A shaguna da yawa, wanda aka ci shi ke biya. Yaron da aka ci ba ya son tashi, sai ya ce a sake. Da haka kuɗin cefane kan ƙare a kan benci. Wasu ma har sukan sa kuɗi a tsakani. Wannan ba wasa ba ne, caca ce.

In ɗanka yana zaune a Kaduna wajen ɗan'uwanka, tambaye shi da wa yake wasa, da ƙarfe nawa, kuma wa ke ba shi kuɗin.