Hanyar Lafiya A Bi Ta Da Shekara: Yadda Direba Zai Karɓo Lasisinsa

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Shirinmu na musamman na yau na direbobi ne, na haya da na gida, da kuma iyalan da ke jiran abin da sitiyari zai kawo da yamma. Za mu duba yadda lasisin tuƙi ke kuɓuce wa mai shi a Najeriya, da ƙofar da zai bi ya karɓo shi da mutuncinsa.

(KIƊA, SANNAN A SASSAUTA)

MAI GABATARWA: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, an kafa ta ne a shekarar 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma Farfesa Wole Soyinka ne ya fara shugabantarta. Dokar 2007 ta ƙara mata ƙarfi. Yawancin direbobi tara kawai suka sani. Sai dai kowane laifi, ban da kuɗin da ake biya, yana da maki da ake ɗora wa lasisin mai shi. Rashin ɗaura bel maki 2 ne. Gudun wuce sa'a maki 3. Amsa waya ana tuƙi maki 4. Tuƙi cikin maye maki 5. Tuƙin ganganci kuwa maki 10 ne, haka ma lodin da ya wuce ƙima.

Makin nan taruwa yake yi. A tsarin hukumar, wanda ya tara 10 zuwa 14 gargaɗi za a yi masa. Daga 15 zuwa 20 a dakatar da lasisinsa na wani lokaci. Daga 21 zuwa sama a janye shi. Direban da ya cika mota maƙil daga Kano zuwa Zariya, ya taka wuta fiye da ƙa'ida, ya kuma ɗaga waya a hanya, a tafiya ɗaya ya tara 17. Kotu ma, har da ta tafi-da-gidanka da ke zama a bakin titi, tana da ikon hana mutum tuƙi idan ta same shi da laifi.

(ƘARAR MOTOCI A TASHA)

MAI GABATARWA: To, Malam direba, abin ya riga ya faru. Ina aka dosa?

Da farko ka san wanda ya riƙe lasisin da dalilinsa. FRSC ce, ko kotu, ko hukumar jiha irin KAROTA a Kano? Kowacce da ofishinta da ƙa'idarta, kuma takardar laifin da aka miƙa maka ita ce za ta nuna inda za ka nufa. Kada ka yar da ita don fushi.

Sannan ka biya tarar ta hanyar da gwamnati ta tsara, a banki ko ta Remita, ka adana rasit. Kuɗin da aka cusa wa wani a hannu ba ya goge komai a kwamfuta. Idan kana ganin an zalunce ka, kana da damar zuwa gaban alƙali ka kare kanka, idan hukuncin bai gamsar da kai ba ka ɗaukaka ƙara.

Bayan biya, akan zaunar da masu laifi a yi musu laccar wayar da kai kafin a mayar musu da takardunsu. Tun watan Yulin 2017 kuma FRSC ta fara tura masu wasu manyan laifuffuka asibitin gwamnati a duba natsuwarsu da lafiyar ƙwaƙwalwarsu: masu tuƙin ganganci, masu keta danja, masu bin hannun da ba nasu ba, masu waya a kan sitiyari. Mutane da dama na jin wannan a matsayin cin fuska. Ni ina ganin alheri ne, domin a nan ne wani zai gane ƙwayar da yake sha don ya kwana yana tuƙi ita ce ke tura ƙafarsa kan totur. Ka yi amfani da damar a duba maka ido ma.

Abu mafi wuya shi ne jira. Idan an yanka maka wa'adi, ka ajiye makulli har ya cika. Tuƙi a lokacin dakatarwa sabon laifi ne, kuma idan tsautsayi ya gitta, kamfanin inshora na iya ƙin biya. Na san zafin da ke cikin wannan ga mai iyali. A nan ne ya kamata shugabannin ƙungiyar direbobi su tallafi ɗan'uwansu da wani aiki a tasha, ko lodi ko rubuta fasinja, har ya miƙe.

(KIƊA)

MAI GABATARWA: A irin wannan ƙunci ne dillalai ke kawo kansu, su ce za su fito maka da sabo cikin kwana biyu. Ku yi hattara. Lasisi na gaskiya hannu uku yake bi: FRSC, da jami'an VIO masu gwada tuƙi, da hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Dole mutum ya je da ƙafarsa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, kuma bayanan suna nan a ajiye. Katin da aka kawo maka har gida ba tare da wannan ba jabu ne, riƙe shi kuma wani laifi ne.

Ranar da wa'adi ya cika, ka koma ofishin da rasit, da takardar asibiti ko ta kotu idan akwai. Idan aka ce ka koma makarantar tuƙi mai rajista ko ka sake gwaji a gaban VIO, ka je, ko da ka shekara ashirin a kan titi. Idan lasisin ya ƙare a tsakani, ka sabunta shi, na shekara 3 ko na 5. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Fasinjan da zai shiga motarka gobe amanar ransa ya ba ka, kuma yana da haƙƙin ya samu direban da ya gyara halinsa.

Wanda ya ga haɗari a hanya ya kira 122, lambar gaggawa ta FRSC. A nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah Ya kai kowa gida lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)