Abin da Fita Bishara Ke Koya wa Wanda Ya Fita

Kowace shekara, idan an gama girbi hanyoyi sun bushe, ikilisiyoyi da yawa a Arewa sukan shirya fita bishara. 'Yan Sabon Rai, matasa da Zumuntar Mata sukan ɗauki tabarmi, ganguna da ɗan guzuri, su nufi ƙauyukan da ba su da majami'a, su yi kwana uku ko mako guda. Idan sun dawo, tambayar da aka fi yi musu ita ce: mutum nawa suka tuba? Tambayar tana da kyau, amma akwai wata da bai kamata a manta da ita ba: me Ubangiji ya yi a zuciyar wanda ya tafi? Gama Allah yakan yi aiki a cikin mai kai saƙo kamar yadda yake yi a cikin mai jinsa.

Dogara ga Allah

A cikin Luka sura 10, Yesu ya aiki almajirai saba'in, biyu biyu, ya hana su ɗaukar jakar kuɗi ko burgami. Ya ce su zauna a gidan da aka karɓe su, su ci abin da aka sa a gabansu. Mutumin da ya saba da ruwan famfo da wutar lantarki, idan ya kwana a kan tabarma, ya sha ruwan rijiya, ya ci tuwon da ba irin na gidansu ba, sai ya gane yawancin abin da yake kira bukata sabo ne kawai. Addu'arsa ma takan canja, domin ba shi da wani abin jingina sai Allah. Wanda kuwa ya raina abincin mai masaukinsa, ya rufe ƙofar wa'azinsa tun bai buɗe baki ba.

Tawali'u

A Ayyukan Manzanni sura 10, Bitrus ya tashi daga Yafa zuwa Kaisariya, gidan Karniliyas, jarumin sojan Roma. Ya je ne domin ya koyar, amma shi ma ya sami darasi: a gidan nan ne ya furta cewa Allah ba ya nuna bambanci. Mu ma mukan shiga ƙauye da tunanin mun fi su sani, sai mu tarar da mutane masu karamci, waɗanda za su yanka kazarsu ɗaya tak saboda baƙo. Shi ya sa ya dace a fara da gaishe da dagaci ko mai unguwa, a nemi izini, a saurara kafin a yi magana. Idan akwai mai bishara da ke zaune a yankin, a bi shawararsa, har a kan zancen tsaro, gama shi zai zauna da mutanen bayan baƙi sun tafi.

Haƙuri

Ba kowace fita ce ake ganin amfaninta nan take ba. A watan Disamba na 1893, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Legas da niyyar kai bishara cikin ƙasar da ake kira Sudan a lokacin. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida, Bingham ya koma gida da rashin lafiya. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. A idon mutum tafiyar farko asara ce, amma daga wannan aiki ne ikilisiyar ECWA ta fito, wadda yanzu take aika nata masu bishara. Bulus ya bayyana wannan a 1 Korantiyawa 3:6: wani ke shuka, wani ke ban ruwa, girma kuwa na Allah ne. Wanda ya dawo ba tare da ko mutum ɗaya ya ɗaga hannu ba, kada ya karai.

Bayan an dawo

A nan ne mutane da yawa sukan yi tuntuɓe. Almajiran nan saba'in sun dawo da murna cewa har aljanu sun yi musu biyayya, amma Yesu ya juya murnarsu zuwa ga sunayensu da aka rubuta a sama. Fahariya takan shigo ta ƙofar shaida. Bulus da Barnaba, da suka koma Antakiya (Ayyukan Manzanni 14:27), abin da Allah ya yi ne suka ba da labarinsa.

Saboda haka, 'yan'uwa, a rubuta sunayen waɗanda suka ba da gaskiya, a miƙa wa fasto ko mai bishara mafi kusa da su. A sa ranar komawa tun kafin a bar ƙauyen, a kuma riƙa tunawa da su a addu'ar tsakiyar mako. Sabon mai bi da aka bari ba mai kiwo, kamar jariri ne da aka ajiye a bakin hanya.

Sa'an nan kowa ya tambayi kansa: maƙwabcina, na taɓa yi masa magana da ƙaunar da na nuna wa mutanen ƙauye? Idan tafiyar ta koya mana wani abu, a gida, a kasuwa da wurin aiki za a gan shi. Ubangiji ya ba mu alherin yin haka. Amin.