Fankar Lagireto: A Gano Cutar Kafin a Yi Mata Dairek

Duk mai shiga motar haya daga Turawa ko Rogo zuwa Kano a watan Afrilu ya san wannan matsala. Tun daga Karaye har a wuce Kabo mota na gudu lafiya lau, allurar zafi tana tsakiya. Sai an shiga cunkoson Kabuga, ana tafiya ana tsayawa, allura ta fara hawa, tururi ya taso daga gaban mota, direba ya gangara gefen titi yana neman jarkar ruwa. Galibi fanka ce ta daina aiki.

A buɗaɗɗiyar hanya iskar gudu ke ratsa lagireto ta sanyaya ruwan injin. Fanka ba ta da wani aiki sai mota ta tsaya ko tana jan ciki. Saboda haka motar da ke zafi a cunkoso kaɗai, a fara tuhumar fankarta. Wadda ke zafi ko tana sheƙa gudu kuwa, a duba toshewar lagireto, ko famfon ruwa, ko gasket.

Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, fambel ke juya fankarta. Golf 3 da ta cika tashoshinmu, wadda Volkswagen ta fito da ita a 1991, injinta a gicciye yake, don haka fankarta na da motonta na lantarki. Wuta na tasowa daga batir, ta bi ta fis, a wasu motocin ta bi ta rile, sannan ta jira izinin wani ɗan suwic da ke ɗaure a jikin lagireto. Idan ruwa ya kai wajen digiri 95 sai suwic ɗin ya haɗa wuta, fanka ta tashi. Zafi ya sauka, ta tsaya. A motar da ta haura shekara 25 tana shan ƙurar hunturu da ta hanyar burji, ko'ina a wannan layi na iya yankewa.

Mai wayarin da ya san aikinsa ruwa yake fara dubawa, bayan injin ya huce, domin idan ruwan ya yi ƙasa bai taɓa suwic ba, suwic ba zai ji zafi ba. Daga nan ya duba fis. Sai ya zare soket ɗin suwic ya haɗa bakunansa da guntuwar waya. Fanka ta juya, to suwic ne ya mutu, kuma kuɗinsa bai kai na fanka ba ko kusa. Ba ta juya ba, sai ya jawo wuta daga batir kai tsaye zuwa moton. In ta tashi a nan, cutar na tsakani: rile, ko soket da ya narke, ko wayar negetif da tsatsa ta ci a inda aka ɗaure ta da bodi. In kuwa sai an ƙwanƙwasa moton da ƙotar sukundireba yake motsi, kabon ɗinsa ya cinye. A kula da yatsu, domin a wasu motocin fanka na tashi ko an zare makulli. Marfin ruwa kuma ba a buɗe shi injin na zafi. Mutane da dama sun ƙone fuska a haka.

Abin da ke damuna shi ne gajeriyar hanyar da ta zama al'ada a garejinmu: a yi wa fanka dairek, wato ta riƙa juyawa ba hutawa, a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne. Na yarda dairek na iya kai mutum gida in dare ya yi masa a hanya. Amma an ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In ya daɗe bai kai haka ba, mai yake ƙara sha, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowane direba ya san abin da lita ɗaya ke nufi a aljihunsa. Moton da ke juyawa ba hutawa kuma da wuri yake mutuwa, sau da yawa da lodi a tsakiyar hanya.

Mafi hatsari shi ne naɗa wa fis waya. Fis da ke yawan ƙonewa alama ce ta moton da ya yi tauri yana jan wuta fiye da ƙima, ko wayar da ta saɓule tana taɓa ƙarfe. In aka hana fis ƙonewa, wayarin motar ne zai ƙone.

Wanda zai sayo fanka 'yar Beljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa ya sa a gwada masa ita a batir kafin ya biya. Bayan an ɗaura, a kara takarda a gaban lagireto fanka na juyawa. In takardar ta manne, iska na shiga daidai. In ta faɗi, an juya wayoyin, fanka na tura iska waje, kuma motar za ta ci gaba da zafi duk da ana jin ƙarar fankar.