Kurar ruwa ta gida: ki sauke wa yaranki jarka daga ka

Uwargida, kin taɓa lissafa nauyin jarkar da ɗiyarki ke ɗaukowa daga bakin rijiya? Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarkar man girki mai ruwan ɗorawa, wadda ke cin lita 25, idan ta cika ta kai rabin buhun siminti. Shi muke aza wa 'yar shekara goma sha biyu a ka, sawu uku ko huɗu, sannan ta wuce makaranta wuya a sage.

A Mada da ƙauyukan da ke kewaye abin ya fi tsanani da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rijiyoyin kusa ke ja baya sai an nausa nesa. Ga kuma halin tsaro da muke ciki. Ba uwar da hankalinta ke kwanciya yaronta na waje da duku-duku ko da almuru. Idan sawu huɗu ya koma ɗaya, kuma da rana tsaka, kin rage fargaba mai yawa.

Kura dai ba baƙuwarmu ba ce, kina ganin ta 'yan garuwa a Gusau da Tsafe. Amma waccan mai jarka goma ko sha biyu ce, kilo 250 zuwa 300, aikin ƙarti. Ta gida jarka huɗu ta wadatar, kilo 100 ke nan. In yaranki ƙanana ne, a tsaya a biyu.

Akwai wata dabara ta masunta a Kanada da arewacin Amurka da za ta haska miki inda wahalar take. Da hunturu tafkunansu kan daskare, sai su taka saman ƙanƙarar, su huda rami su jefa ƙugiya. Kayansu a cikin wani babban kwando na roba suke jan su, gindinsa duka na gugar dusar ƙanƙara, kafin su isa sun jigata. Sai suka koma neman tsofaffin allunan zamiya guda biyu, su kafa musu firam na katako, su ɗora kwandon a sama. Kayan ba su ragu ba, abin da ke gugar ƙasa ne ya ragu, sai ja ya yi sauƙi. Mu yashi da laka muke fama da su, don haka inda suka sa allo, mu taya za mu sa.

To, a nan ne za ki buɗe ido idan maigida ko babban ɗanki zai je wurin mai walda. A nemi tsofaffin tayoyin babur guda biyu, har da wili. Tayar keke ta fi araha, amma siririya ce, tana nutsewa a yashi, wayoyinta kuma ba sa jure nauyi. Baro mai taya ɗaya shi ma ban ba ki shawararsa ba, domin rabin aikin yana komawa hannun yaro wajen hana shi kifewa. A duba boris ɗin tayoyin, in yana ƙara ko yana cijewa a canza shi tun a shagon.

Inda masu walda da yawa ke yin ganganci shi ne wurin zaman ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu. Ya kamata jarkokin su zauna daidai kansa, biyu gaba biyu baya, nauyin ya ɗan rinjaya kaɗan zuwa wajen mariƙi. Idan ya rinjaya gaba, kurar za ta dinga ɗaga mariƙin sama, tana iya haɓe yaro a haɓa. Idan ya yi baya da yawa, ɗauka yake yi ba turi ba, bayansa ne zai biya. Gindin kurar kuma kada ya yi tsawo. Kaya na ƙasa-ƙasa ba sa saurin tuntsurewa a hanya mai kwazazzabai.

Kada a karɓi aiki da jarka wofi. A cika su da ruwa a gaban mai waldan, wanda zai riƙa turawa ya gwada da hannunsa. Mariƙin ya tsaya daidai ƙugunsa, ba ƙugun babansa ba. A sa ƙafar tsayawa, a goge duk wani kaifin ƙarfe, a naɗe mariƙin da tsohon tib saboda zafin rana. Mai walda zai ce ai haka kowa ke yi. Ki ce naki ba na kowa ba ne.

Batun kuɗi, ba sai gida ɗaya ya ɗauka ba. Gida biyu ko uku kan iya haɗa hannu, ko a ware kwasar adashi ɗaya, a tsara masu safe da masu yamma tun kafin rigima ta taso.

Kura ba ta da birki, kilo 100 a gangara kuwa ya fi ƙarfin yaro ɗaya, don haka su riƙa tafiya su biyu. Masu zama kusa da babban titi, kamar na Gusau zuwa Funtuwa da ya ratsa Tsafe ko na Sakkwato da ya bi ta Bunguɗu, ku hana su hawa kwalta da ita. Jarkar da aka taɓa zuba fetur ko maganin feshin gona kuwa, ko an wanke ta sau nawa, kada ta shiga layin ruwan sha. Sauran ki riƙa ɗauraye cikinsu, kowace da murfinta. Da an dawo a jingine kurar a inuwa, rana na cinye taya, kuma lokaci-lokaci a leƙa wurin mai faci a ƙara iska, a shafa wa boris ɗin giris.