Saƙon Da Bai Isa Bakin Kogi Ba: Darasin Wudil Ga Jami'an Hulɗa Da Jama'a

Garin Wudil yana bakin kogi ne, kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa tun kafin su iso garin, sa'an nan su ratsa ƙarƙashin gada su nufi Haɗeja. Kowane ɗayansu kuwa akwai madatsar ruwa a kansa, watau ta Tiga wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da ta Challawa a ƙasar Ƙaraye wadda aka gama a 1992. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da su.

A daminar 2001 madatsun nan suka cika suka tumbatsa, ruwa ya gangaro ya ci gonaki da gidaje a Wudil da maƙwabtanta har cikin Jihar Jigawa. Ruwan sama dai ba a hannun kowa yake ba sai Allah, amma labarin cewa kogi na tafe yana hannun mutane. Wanda ya ji da wuri ya kan kwashe iyalinsa da dabbobinsa da ɗan abin da ke rumbu. Wanda bai ji ba sai ya farka ruwa na ƙofar ɗaki.

To, a nan ne aikin jami'in hulɗa da jama'a yake. Mutane da yawa sun ɗauka aikinsa shi ne yabon maigidansa da raba wa 'yan jarida takarda. Alhali sana'a ce mai ƙa'ida: tun 1963 masu yin ta suka kafa ƙungiyarsu a Nijeriya, kuma doka ta 16 ta 1990 ta ba ta ikon tsara aikin. Ainihin nauyin da ke kansa shi ne ya kai maganar hukumarsa ga jama'a a kan lokaci, ya kuma komo wa shugabanninsa da kukansu, ko da ba mai daɗin ji ba ne.

Sanarwar da aka buga da Turanci aka liƙa a allon ofis ba ta isa ga masunci da manomin fadama ba. Tun kafin zuwan rediyo ƙasar Kano tana da hanyarta: magana ta fito daga Sarki zuwa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa mai unguwa, mai shela kuma ya zaga gari. Ƙarfin wannan hanya shi ne mai sauraro ya san bakin da ya faɗa masa.

An ga gaskiyar haka a kan rigakafin shan inna. A 2003 jita-jita ta riga bayani isa gidaje, aka dakatar da rigakafin a Jihar Kano har zuwa watan Yuli na 2004, cutar kuwa ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Sai da aka jawo sarakuna da malamai cikin aikin sa'an nan iyaye suka buɗe ƙofa, har aka tabbatar a 2020 cewa Nijeriya ta rabu da cutar.

Wudil kuwa ba ta rasa majiya ba. Kowace Juma'a kasuwar garin da kararta ta shanu su kan tara mutanen ƙauyuka na kusa da na nesa, ga masallatai, ga rediyo, ga wayar hannu a aljihun kusan kowa. Abin da ya rage shi ne kowace hukuma ta shirya tun da rani wanda zai yi magana, da wanda zai fara sanarwa, da harshen da za a yi ta, domin idan kogi ya kawo babu sauran lokacin neman sa hannun babban darekta. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.