Rarraba manhajar yanar gizo zuwa ɓangarori

Rarraba manhajar yanar gizo zuwa ɓangarori wata hanya ce ta gina manhaja inda ake raba ta gida biyu: ƙaramar cibiya, da ɓangarori masu zaman kansu da ake iya girkawa, kunnawa, dakatarwa ko cirewa alhali manhajar tana ci gaba da aiki a kan sabar. Ana kiran irin waɗannan ɓangarori fulogin. Cibiyar tana riƙe da abubuwan da kowa ke buƙata, kamar shigar masu amfani, izini da rumbun bayanai, kowane ɓangare kuma yana ɗauke da aiki guda.

Tarihi

A shekarar 1999 wasu kamfanonin fasaha suka kafa ƙungiyar OSGi Alliance domin fitar da ƙa'idar loda ɓangarori a harshen Java ba tare da an kashe na'ura ba. A shekarar 2004 manhajar Eclipse ta koma kan wannan ƙa'ida a fitowarta ta 3.0, kuma a wannan shekarar ce WordPress ya fara karɓar fulogin a fitowarsa ta 1.2. Equinox da Apache Felix na daga cikin fitattun manhajojin da ke aiwatar da OSGi. A shekarar 2020 Webpack 5 ya zo da Module Federation, wanda ke ba shafin da ke cikin burauza damar jawo ɓangarorinsa daga sabar daban-daban a lokacin da yake aiki.

Yadda yake aiki

Kowane ɓangare yana zuwa da ɗan fayil mai bayyana sunansa, lambar fitowarsa, abin da yake buƙata daga wasu, da abin da ya yarda wasu su yi amfani da shi. A OSGi sunan fayil ɗin MANIFEST.MF. Duk abin da ɓangare bai bayyana ba a ɓoye yake, sauran ba sa ganinsa.

Idan aka girka ɓangare, manajan ɓangarori yana duba ko duk abin da ya nema yana nan. Idan babu, ba zai kunna shi ba. OSGi ta tsara matakai 6 da ɓangare ke iya kasancewa a ciki: an girka shi, an cika buƙatunsa, yana tashi, yana aiki, yana tsayawa, an cire shi. Yayin tashi, ɓangaren yana rajistar hidimominsa da shafukansa a wurin cibiya. Yayin tsayawa kuma dole ya janye su, ya saki duk abin da ya riƙe. Saboda kowane ɓangare yana da mai lodinsa na kansa, ɓangarori biyu na iya amfani da fitowa daban-daban ta laburare ɗaya ba tare da sun yi karo ba.

Amfani a fannin lafiya

OpenMRS, manhajar adana bayanan marasa lafiya da Cibiyar Regenstrief da ƙungiyar Partners In Health suka fara a shekarar 2004, an gina ta ne bisa wannan tsari. An fara amfani da ita a garin Eldoret na ƙasar Kenya a shekarar 2006. Ɓangarorinta fayiloli ne masu ƙarewa da .omod, kuma mai kula da manhajar yana loda su daga shafin gudanarwa. A Najeriya an gina NigeriaMRS a kanta domin bayanan masu karɓar maganin cutar ƙanjamau.

Haka kuma DHIS2, wadda Jami'ar Oslo da ke Norway ke jagorantar ginawa, ita ce rumbun da Najeriya ke tara rahoton wata-wata na cibiyoyin lafiya, har da na ƙaramar hukumar Zuru a Jihar Kebbi, inda garin Dabai yake. Tana karɓar ƙananan manhajoji da ake girkawa a kanta tana cikin aiki. Don haka ana iya ƙara sabon allon nazarin rigakafi ba tare da an dakatar da jami'in da ke shigar da alƙaluma ba.

Matsaloli

Babbar matsala ita ce rashin jituwa. Idan aka sabunta cibiya, ɓangaren da aka rubuta don tsohuwar fitowa yana iya ƙin tashi, duk wanda ya dogara da shi kuma ya tsaya. Ɓangaren da bai saki ma'ajiyar kwamfuta ba bayan an dakatar da shi yana cinye ta sannu a hankali, har sai an sake kunna sabar. Cire ɓangare kuma ba ya goge sauye-sauyen da ya yi wa rumbun bayanai.

Akwai kuma batun tsaro. Fulogin yakan samu ikon da cibiyar ke da shi, saboda haka guda ɗaya mai rauni ya isa ya buɗe bayanan kowa. Shi ya sa ake gwada sabon ɓangare a sabar gwaji, a adana kwafin bayanai, kafin a ɗora shi a kan wadda jama'a ke amfani da ita.