Tsohon agogon Baba: kafin ku bari a sake masa fuska

Gidaje da yawa a Maraɗi, Damagaram da Tawa akwai wani tsohon agogo ajiye cikin akwati. Galibi Seiko 5 ne da maigida ya sawo a Makka, wanda ke nuna ranaku da Larabci, ko Rado, ko West End. In mai shi ya rasu, sai ɗa ya ɗauko ya kai wurin mai gyara, ya ce a wanke fuskar ko a sa sabuwa don ta dushe. A nan asara take farawa. Wajen masu sayen tsofaffin agogo, fuskar nan da ta dushe ita ce ke riƙe da babban rabo na kuɗin, muddin ita ce wadda kamfani ya sa tun farko. Da zarar an shafa mata fenti, farashi ya faɗi, kuma ba a iya maido ta.

To yaya ake gane ta asali? Mu ɗauki Seiko 5, tunda shi ya fi yawa a hannun mutanenmu. Kamfanin na Japan ya fara fito da shi a 1963. Ku duba can ƙasan fuskar, gefen ƙarfe shida, za ku ga wani ɗan siririn rubutu mai lambobi. Huɗun farko lambar injin ce, kamar 6309 ko 7009. Sai ku juya agogon: a marfin baya ma akwai lamba mai gida biyu, kuma huɗun farkonta ya kamata su yi daidai da na fuskar. Sauran lambobin da ke biye ba sai sun zo ɗaya ba, kada wannan ya ruɗe ku. Amma in fuska ta ce 7009 baya ya ce 6309, to an yi aure tsakanin agogo biyu. A marfin kuma akwai wata lamba daban, galibi mai shida: ta farko ƙarshen shekarar da aka ƙera shi ce, ta biyu wata. In ta fara da 83, watan Maris ne na shekarar da ta ƙare da 8, misali 1978.

Bayan lamba sai ido. Ku buɗe kyamarar salula ku jawo hoton kusa, da rana, a inuwa. Rubutun kamfani siriri ne, bakinsa tsaf, harufa kansu ɗaya. Na mai fenti yakan yi kauri, wani harafi ya jingina da wani, layukan mintoci wani dogo wani gajere. Fuskar da ta shekara arba'in tana shan ƙurar hunturu, gumi da ɗigon ruwan alwala dole ta nuna: ɗan tabo a gefe, fari ya koma ruwan madara. In jikin agogon duk ya goge amma fuskar na walƙiya kamar jiya aka yi ta, ku tambayi dalili. Ƴan uwa da ke saye ta intanet su fi kula da wannan, don akwai tsofaffin Seiko da Citizen masu yawa da ake sake wa fenti a Indiya, ja, kore, ruwan lemu, a sayar da sunan na da.

Akwai kuma maganin nan da ke sa agogo haske da dare. A agogon Suwis, in kun ga harafin T a gefen SWISS MADE, ana nufin tritium ne, wanda aka yi aiki da shi daga shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1990. Ƙarfinsa na raguwa da rabi duk shekara 12 da ƴan watanni, saboda haka na 1970 yau da ƙyar zai yi haske. In yana ci kamar fitila har asuba, an sake masa magani. Launin ɗigon da ke fuskar da na hannuwan agogon su ma ya kamata su tsufa tare. Wanda ya girmi 1960 kuwa, mai yiwuwa radium ne a jikinsa, kuma shi guba ne da ba ya mutuwa a rayuwar ɗan Adam. Kada a kankare shi, kada a hura ƙurarsa, kada a ba yara su yi wasa da shi a buɗe.

Kada wanda aka taɓa cuta ya ji kunya, manya ma sun faɗa. A watan Nuwamba 2021, a Janeba, an yi gwanjon wani Omega Speedmaster na 1957 a kan sama da faran Suwis miliyan 3, kusan miliyar 2 ke nan na CFA. Kamfanin Omega da kansa ya saye shi don gidan tarihinsa. A 2023 sai kamfanin ya fito ya ce agogon haɗe-haɗe ne na sassa daga agogo daban-daban. Waɗanda suka ƙera abin ke nan, balle mu da ke ciniki a bakin kasuwa.

Mu a ganinmu, in agogon na cikin kayan gado, kada kowa ya taɓa shi sai an ɗauki hoton fuska da na baya an tura wa duk magada, har da na Kwatanu da na Faransa, sannan a nemi kima wurin mutum fiye da ɗaya. In gyara ake so, a ce wa mai gyara ya wanke inji ya sa mai, ya sake gilashi in ya tsage, fuska kam ya bar ta. Ya kuma duba muku ƙarƙashinta: ta asali tana zaune ne kan ƴan ƙafafu biyu da ke shiga cikin inji, wadda aka ɗauko daga wani agogo sau da yawa da gam ake manna ta. In kuwa ta lalace har ba a karanta lokaci, dole sai an sake, to ku karɓi tsohuwar ku naɗe ta a takarda ku ajiye tare da agogon.